Daga Apapa Zuwa Kano: Yadda Ɗan Kasuwa Zai Tsare Kayansa Idan Hanya Ta Yanke

Da yawa daga cikin kayayyakin ƙasashen waje da ake sayarwa a Kantin Kwari da Kasuwar Singa ta Kano, ta tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can da ke Legas suke shigowa. Daga can sai tireloli su yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 kafin su iso Arewa. Abin da 'yan kasuwa da yawa ba sa sakawa cikin lissafinsu shi ne, dole ne kowace mota ta ƙetare Kogin Kwara, kuma manyan mashigai biyu ne suke ɗauke da akasarin wannan zirga-zirga: gadar Jebba, da kuma gadar Murtala Muhammed da ke kusa da Lokoja.

Duka hanyoyin biyu sun taɓa yankewa. A watan Yuni na 2017 gadar Tatabu da ke tsakanin Jebba da Mokwa ta karye bayan ruwan sama mai ƙarfi, aka karkatar da motoci zuwa wasu hanyoyi. A 2012, da kuma watan Oktoba na 2022, ambaliya ta shafe hanyar Lokoja zuwa Abuja. A karo na biyun, tankokin mai sun yi kwanaki a maƙale a wajen Koton Karfe, har layukan mai suka dawo Abuja. Dalili kuwa shi ne, a Lokoja ne kogunan Kwara da Binuwai suke haɗuwa, kuma sun fi cika a watannin Satumba da Oktoba. Ke nan wannan haɗari yana da lokacinsa, ana iya yi masa shiri.

Matakin farko shi ne ƙirga kwanaki kafin ƙirga kuɗin mota. Alal misali, wanda yake sayar da katan 100 a mako, kayansa kuma suna isowa cikin mako biyu, yakan yi oda idan saura katan 200 a sito. To, idan tafiyar tana iya kaiwa mako huɗu a ƙarshen damina, wajibi ne ya yi oda tun yana da katan 400. Gaskiya ne ajiyar kaya tana riƙe jari, tana kuma cin kuɗin haya da na gadi. Saboda haka kayan da suka fi fita, waɗanda ba sa saurin lalacewa, su ne suka cancanci wannan tanadi.

Mataki na biyu shi ne rage zaman kaya a tasha. Idan kwantena ta wuce kwanakin da aka ba ta kyauta, kamfanin jirgi da masu kula da tashar suna cajin kuɗin jinkiri a kowace rana. Mai hikima yakan kammala takardun banki da na kwastan tun jirgi yana kan teku. Haka kuma, a watan Fabrairu na 2021 Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta Nijeriya ta fara aiki da tsarin Eto na kiran tireloli bi da bi, don haka ya kamata a nemi mai motar da yake da rajista a cikinsa.

Na uku, kada a dogara da ƙofa ɗaya. Akwai tashar Onne a Jihar Ribas, ga kuma tashar Lekki mai zurfi da ta fara aiki a 2023. Daɗin daɗawa, an buɗe tashar tsandauri ta Kaduna a watan Janairu na 2018, ta Dala a Kano kuwa a Janairun 2023, domin a riƙa kammala aikin kwastan a kusa da gida. Kowace ƙofa tana da nata tsada, amma gara a gwada ta da kwantena ɗaya a lokacin zaman lafiya, a san farashinta da mutanenta.

A ƙarshe, a rubuta yarjejeniya da mai mota a kan wanda zai ɗauki asara idan aka yi jinkiri ko haɗari, a kuma yi wa kayan inshora har zuwa ƙofar sito. Ɗan kasuwar da ya kammala wannan shiri tun a watan Yuli, shi ne zai kasance da kaya a shago ranar da hanya ta yanke.