Ciwon Gwiwar Yaro Ɗan Ƙwallo Ba Ragwantaka Ba Ce

Tun da Lamine Yamal ya ɗaga kofin nahiyar Turai da Sifaniya ranar 14 ga Yulin 2024, kwana ɗaya tal bayan ya cika shekara 17, wata magana ta samu gindin zama a gidajen kallon ƙwallo daga Batsari har Safana, ta kuma gangaro filayen garuruwa irin su Karare. Wai yaro ba ya gajiya, kuma wanda zai zama ɗan ƙwallo tun yana ƙarami ake murza shi. Idan aka shiga gasar Sallah ko ta bayan girbi, sai ka ga ɗan shekara 14 mai ƙafa ya buga wa unguwarsu yau da la'asar, gobe maƙwabta su are shi, jibi a jefa shi cikin manya masu gemu. Ranar da ya ce, "Koci, gwiwata," amsa na nan a shirye: ragwantaka ce, ko kuwa ƙafar manya yake tsoro. Wani daga gefen fili ya ƙara da cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Masu kafa hujja da yaran Barcelona irin su Yamal rabin labarin suka riƙe. A kakar 2020 zuwa 2021 Pedri ya buga wasa 73 yana ɗan shekara 18, na kulob da na ƙasa har da gasar Olamfik ta Tokyo, daga nan ciwon tsokar cinya ya yi ta zaunar da shi kaka bayan kaka. Ansu Fati ya yage guringuntsin cikin gwiwa a Nuwamban 2020, kwanaki kaɗan bayan ya cika 18, aka yi masa tiyata fiye da sau ɗaya, kuma duk mai kallon ƙwallo ya san bai koma yadda yake ba. Shi kansa Yamal ciwon matsematsi ya hana shi wasanni a ƙarshen 2025. Waɗannan fa yara ne da likitoci da masu tsara abinci ke kewaye da su dare da rana. Ina ga namu, wanda daga fili sai gida, sai tuwon dare idan an samu?

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda ake ɗaukar yaro a matsayin babba mai ƙaramin jiki. Ƙashin yaro ba irin na babba ba ne. Kusa da bakin kowane dogon ƙashi, a cinya da ƙwauri da wuyan hannu, akwai wani faifai na guringuntsi wanda bai daskare ba tukuna. Daga nan ƙashi yake ƙara tsawo. Duk wanda ya taɓa shiga gonar dawa da damina ya san abin da nake nufi. Karan da ke cikin girma, tsakiyar gaɓarsa ta yi kore ta yi tauri, amma daidai saman ƙullin akwai wuri fari mai laushi, wanda yara ke zarewa su tsotsa. Ta nan karan yake miƙewa, kuma idan aka fizge shi, ta nan yake cirewa. Sai ya gama tsawo ya fitar da kai sannan wurin yake ƙeƙashewa. A jikin ɗa namiji wannan faifai ba ya gama rufewa sai wajen shekara 16 zuwa 18, wasu ma su ɗan zarce, musamman wanda bai samu wadataccen abinci ba. Karon da zai sa babba targaɗe a idon sawu, a wurin yaro yana iya tsaga faifan nan, domin a wannan shekarun jijiyar ta fi guringuntsin ƙwari. Faifan kuwa idan ya tsage aka ɗora shi a karkace, ƙafar na iya tasowa a lanƙwashe ko ta gaza 'yar'uwarta tsawo.

Akwai kuma shekarar da yaro ke zabura. Yawancin maza tana zo musu wajen 13 zuwa 14, mata kuma kamar shekara biyu kafin haka. Cikin shekara guda yaro na iya ƙara santimita 8 zuwa 10. Iyaye mata sun fi kowa sanin ta, don ita ce shekarar da wandon ƙaramar Sallah yake ɗagewa kafin babba ta zo. Ƙashi ke yin gaba, tsoka da jijiya suna biye a ɗaure tamau. Babbar tsokar gaban cinya tana bi ta kan ƙoƙon gwiwa ta je ta kama wani ɗan tudu a saman ƙwauri, kuma tudun nan shi ma guringuntsi ne a lokacin. Kowane tsalle, kowane gudu da tsayawa farat ɗaya, kowane bugu mai ƙarfi, fizgar tudun ake yi. Idan fizgar ta yi yawa sai wurin ya kumbura. Yaron zai nuna maka shi da yatsa ɗaya, ƙasa da ƙoƙon gwiwa kaɗan. Za ka lura yana cije leɓe wajen sujada ko durƙusawa gaida manya, yana hawa tudu da ƙyar, amma idan ya huta kwana biyu sai ya ce ya ji sauƙi. Likitoci biyu, Osgood a Amurka da Schlatter a Suwizalan, sun bayyana wannan ciwo tun 1903, kuma da sunansu ake kiransa har yau. Yana da ɗan'uwa a diddige, inda agara ke fizgar ƙashin dunduniya, wanda ya fi kama 'yan shekara 9 zuwa 12, musamman masu bugawa ba takalmi a kan filin da rani ya mayar da shi kamar daɓe.

Labari mai daɗi shi ne wannan ciwo yana wucewa da kansa idan girma ya lafa, ko da zai ɗauki watanni ko ya haura shekara. Ba a ma cewa yaro ya daina taɓa ƙwallo. A rage masa tsalle da gudun tsere da bugun nesa, a bar shi da ba da ƙwallo da sarrafa ta, ya riƙa miƙar da tsokar cinya a hankali, a ɗora tsumma mai ruwan randa ko ƙanƙara bayan atisaye. Idan ya fara ɗingishi, wasan ranar ya ƙare. Ɗan tudun yana iya zama har tsufa ba tare da wata illa ba.

Mu kuma me muke yi? Wani ya ce sanyi ne. Wani ya ga kumburi ya ce ruwa ne ya taru, a kai wa wanzami ya yi tsaga ko sakiya, a buɗe fata a kan ƙashin da ba abin da zai fito daga cikinsa, a gayyato ƙwayar cuta. Wani ya kai wa mai ɗori ya murza ya ɗaure da karare. Masu ɗori suna da gurbinsu a garuruwanmu, kuma a inda hanyar zuwa asibiti ta zama abin fargaba saboda 'yan bindigar dajin Rugu, ba na ganin laifin uban da ya fara nufar na kusa. Sai dai a nan babu abin da ya karye balle a ɗora, ɗauri mai tsanani kuwa yana iya tsayar da jini. Inda ya kamata a yi ta maza a nemi asibiti ko ta halin ƙaƙa shi ne idan gwiwar gaba ɗaya ta kumbura, ko ciwon na ta da yaro daga barci, ko akwai zazzaɓi, ko ya kasa miƙe ƙafar, ko yana ɗingishi yana kukan ƙugu ko cinya. Idan mai sikila ne, ciwon ƙashi kowane iri ba a jira da shi.

Mafi muni shi ne ƙwaya. Ana saura awa ɗaya wasa a aika kemis a sayo diclofenac, wasu har tiramol, a ba yaro ya kora da lemon ƙara kuzari, ya shiga fili ya yi minti 90 bai ji komai ba. Rashin jin ciwon bai hana fizgar ci gaba ba, illa ma ya ba ta dama ta yi ɓarnar da zafin zai hana. Diclofenac a cikin da babu abinci, ga zufa ta kwashe ruwan jiki a zafin Afrilu da ke haura maki 40, yana taɓa ƙoda yana ƙona tumbi. Tiramol kuwa ba sai na faɗa wa mutumin Katsina inda take kai matasa ba. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya ta haramta ta a lokacin gasa tun daga 1 ga Janairun 2024. Babban da ya miƙa wa ɗan shekara 14 wannan ƙwaya don a ci kofi ya ci amanar iyayensa.

Wani abu da littattafan Turawa ba su lissafa ba, dole kocinmu ya lissafa. Masana lafiyar yara a Amurka suna ba da shawarar kada awoyin atisaye da wasa a mako su wuce yawan shekarun yaro, kuma a ba shi hutun kwana ɗaya ko biyu kowane mako. Amma yaronsu daga aji yake zuwa fili. Namu na Karare ya yi noma tun hantsi, ko ya tura kurar ruwa, ko ya ɗauko dami a ka. Gwiwa ba ta san bambancin aikin gona da na fili ba, duka nauyi ne a kanta. Barcin awa 8 zuwa 10 da jiki mai girma ke bukata, wanda a cikinsa ne sinadarin girma ya fi fitowa, yaya za a same shi a daren da aka kwana ana sauraron ƙarar babura? Shi ya sa tambayar da ta kamata koci ya fara yi da la'asar ita ce, "Me ka yi yau, me ka ci?" Abincin ma ba sai na kanti ba. Fura da nono, wake, awara, ƙuli-ƙuli, kwaɗon zogale da ƙwai idan ya samu sun fi kowane gwangwanin lemo gina tsoka da ƙashi. Wanda kuma ya tashi daga zazzaɓin cizon sauro, a bar shi ya murmure sosai, domin jininsa ya ragu kuma saifarsa na iya kasancewa a kumbure.

A Ostareliya suna da wata ƙwallo tasu mai siffar ƙwai, ana buga ta da hannu da ƙafa, mutum 18 a kowane ɓangare, wasa ne na karo da gudun da kan wuce kilomita 12. Ba a ɗaukar yaro babbar gasarsu sai a shekarar da yake cika 18, kuma ko an ɗauke shi, kulob kan ajiye shi a wasu makonni lafiyarsa ƙalau, a sanar cewa ana tattalinsa ne, ba wanda zai kira shi rago. Daga 2024 suka ce duk yaron da ya bugu a kai har ƙwaƙwalwa ta girgiza, sai ya yi aƙalla kwana 21 kafin ya sake wasa. A filayenmu ruwan leda ake kwara masa a ka a ce ya tashi.

Kada a ce sai mai kuɗi. Hukumar FIFA tana da wani tsarin ɗumama jiki na minti 20 mai suna 11+, gudu a hankali, tsayuwa da ƙafa ɗaya, koyon dira daga tsalle gwiwa ba ta karkata ciki ba, da ƙarfafa bayan cinya. Ba ya bukatar komai sai ƙwallo da fili. An gwada shi a Legas a kan ƙungiyoyi 20 na 'yan shekara 14 zuwa 19, sakamakon da aka fitar a 2014 ya nuna raunuka sun ragu da kashi 41 cikin 100. Auna girma ma gawayi da bango sun isa. Duk wata uku koci ya tsayar da yaransa ba takalmi ya ja layi. Wanda ya ƙara kusan santimita 2 ko fiye, yana cikin zabura, a sassauta masa.

Sai maganar rage shekaru, wadda muke yi wa kallon wayo. A 2009, da Najeriya ta karɓi gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17, har aka buga wasanni a filin Sani Abacha na Kano, FIFA ta shigo da hoton na'urar MRI na wuyan hannu. Faifan nan dai ake dubawa: idan ya rufe ruf, kusan tabbas mutum ya wuce 17. A 2016 'yan wasa 26 na tawagar Najeriya suka faɗi wannan gwaji, Nijar ta fitar da Najeriyar, wadda ke riƙe da kofin duniya a lokacin, tun a wasan share fage. Wannan asarar ƙasa ce. Asarar ƙauye ta fi ta ciwo, domin duk lokacin da ɗan shekara 20 ya shiga gasar yara, ƙwaurinsa da ya daskare da guringuntsin ɗan wani yake haɗuwa.

Masu saka kofi, 'yan siyasa ne ko 'yan kasuwa, Allah ya saka musu, don a yankin da tsoro ya rufe makarantu da kasuwanni a lokuta da dama, filin ƙwallo na cikin 'yan wuraren da suka rage wa matasa. Amma kuɗin jesi mai hoton mai gida da na makaɗan ranar ƙarshe zai isa a kawo ma'aikacin lafiya guda ya zauna bakin fili da akwatin agaji. Sashen wasanni na ƙananan hukumomin Batsari da Safana, tare da hukumar ƙwallon jiha, za su iya tara kocin kowace gunduma na kwana biyu a koya musu 11+ da alamomin haɗari, su kuma sa sharaɗi kafin a ba da izinin gasa: a raba yara da manya, a bar aƙalla kwana biyu tsakanin wasa da wasa, kada yaro ɗaya ya buga wa ƙungiya biyu.

Ga uban da ake gaya wa cewa idan ɗansa bai buga wannan gasar ba mai ɗauka zai wuce shi, ya sani dokar FIFA ba ta yarda a kai yaro daga nan zuwa kulob ɗin Turai kafin ya cika 18 ba. Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars ya zama gwarzon masu zura ƙwallo na gasar ƙasa a 2010, duk da haka sai da ya jira ranar 14 ga Oktoba ta wannan shekara, ranar da ya cika 18, kafin VVV-Venlo ta Holan ta iya saka shi a wasa.