Ina Sukarin Ya Tafi?

Yaro ya ga uwarsa ta zuba sukari a ruwan shayi ta juya. Ya leƙa kofi, ya ce, "Mama, ina ya tafi?" To, mai karatu, kai me za ka ce masa?

Bai tafi ko'ina ba. Kowane tsaba na sukari tarin ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, suna manne da juna. Ƙwayoyin ruwa sukan kewaye su, su ɓamɓare su ɗaya-ɗaya, su bazu da su cikin kofin. Auna ka gani: ruwa kilo 1 da sukari giram 100, bayan ya narke za ka sami giram 1,100 cif.

Ruwa kuwa akwai ci. Lita 1 takan shanye sukari wajen kilo 2, in ta tafasa kusan kilo 5. Da wannan ilimi masu yin alewa da lemon kwalba a Bompai, Sharaɗa da Challawa suke cin abinci. Mai alewa yakan dafa ruwan sukari har zafinsa ya kai wajen digiri 150, ruwan ya ƙone, abin da ya rage ya daskare. Mai lemo kuwa, kamar masu ɗura Coca-Cola a Challawa, barin sukarinsa yake yi a ɓoye cikin ruwan. Ƙaramar kwalba mai sentilita 35 tana ɗauke da kimanin ƙaramin cokali 9. Wace uwa ce za ta ɗirka wa ɗanta cokali 9 a baki? Amma a kwalba sai mu miƙa da murna.

Inda abin ya fi hatsari shi ne in yaro yana zawo. Sau da yawa akan ba shi lemo, wai don ya sami ƙarfi. Ruwan da sukari ya yi masa yawa janyo ruwan jiki yake zuwa hanji, zawon ya ƙaru. Ga abin da ya dace: ruwa lita 1 da aka tafasa ya huce, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, ba da tozo ba, da rabin cokalin gishiri. In akwai ƙullin ORS na asibiti, ya fi. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, kada a daina ba da nono. In ya ƙi sha, ko idonsa ya faɗa, a kai shi asibiti nan da nan.