A Yi Hattara da Cizon Kare

Akwai cututtukan da mutum ke ɗauka daga dabba. Ɗaya daga cikin mafi muni ita ce haukan kare. Wata ƙwayar cuta ce ke kawo ta, wadda ido ba ya gani. Tana cikin yawun kare mai ciwon. Idan ya ciji mutum, sai ta bi jijiya ta hau ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana kashe mutum kusan 59,000 kowace shekara.

A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, likitocin dabbobi masu karatun babban digiri suna bincike kan cutar. Sukan auna ƙwaƙwalwar matattun karnuka. An sha samun ƙwayar har a karnukan da ba su nuna alamar hauka ba. Ke nan, kada a raina cizon kowane kare.

Wannan ya shafi ƙasar Daura, inda mafarauta da makiyaya ke kiwon karnuka, daga Baure har Zango da Mai'aduwa.

Idan kare ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa har minti 15. A kai shi asibiti ran nan domin allura. Kada a tsaya jira. Da zarar ya fara tsoron ruwa, da wuya ya tashi.

Masu karnuka kuma su kai su wurin malamin dabbobi a yi musu allura kowace shekara. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, da aka kafa a 1924, tana yin wannan allura.

Jama'a, rigakafi ya fi magani.