Barcin Tsoho Mai Tari Ba Kullum Yake Zama Sauƙi Ba

A hunturun da ya wuce na shiga duba wani dattijo maƙwabcinmu da tari ya kwantar kwana biyar. Na same shi a kan katifa, baki a buɗe, minshari na fita, ya tsaya, can kuma ya dawo. Babban ɗansa ya tare ni da fara'a: "Alhamdu lillahi, Malam, jiki ya yi sauƙi. Tun jiya da muka ba shi maganin barci ko tari ɗaya bai yi ba." A gefen filo ga ƙwayoyi nan ƙulle a leda, ba suna, ba takardar likita, daga kyamis ɗin bakin layi. Sai da na ce "Baba, ya jiki?" har sau uku kafin ya ɗaga ido, da ya ɗaga kuma ya kira ni da sunan ƙanensa da ya daɗe da rasuwa. Da ƙyar na shawo kansu muka kai shi asibiti. Ashe nimoniya ce ta kama masa huhu. Allah dai ya yi da sauran shan ruwa a gaba.

Abin da ya fi ci mini rai, duk gidan 'yan boko ne.

Ga dalilin da ya sa irin wannan barci yake da haɗari. Yawanci ba ƙarancin oksijin ne ke tilasta mana jan numfashi ba, taruwar iskar kabon dayoksaid ce, wato iskar da jiki ke neman fitarwa. Da zarar ta yi yawa a jini, wani sashe a gindin ƙwaƙwalwa, ta wajen ƙeya, da wasu 'yan ƙullutai a jikin jijiyar wuya sukan ji, su sa ƙirji ya ƙara himma. Riƙe numfashinka ka gani, ba za ka jima ba za ka saki ko ba ka so.

To, wannan mai gadin kunnensa yana yin nauyi da tsufa. A 1973 wasu likitoci biyu a Amurka, Kronenberg da Drage, sun gwada maza masu shekara 64 zuwa 73 da samari masu 22 zuwa 30. Sun tarar martanin tsofaffin ga taruwar wannan iska ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100, martaninsu ga ƙarancin oksijin kuwa da wajen rabi. Ga ƙirji ya yi tauri, ga tsokar numfashi ta yi rauni. Ciwon da zai sa matashi haki har a firgita a nemi mota, tsoho sai ya yi lamo, yana gyangyaɗi, yana magana kamar mai magagi. Wani ko zazzaɓi ba ya yi.

A kan wannan halin ne sai mu zo mu ɗora masa maganin barci! Kodin, tiramol, Valium da 'yan uwansu duk suna danne wannan sashe na ƙwaƙwalwa da tun farko ya yi sanyi, in aka haɗa biyu kuwa abin ya fi muni. Da gwamnatin Nijeriya ta hana maganin tari mai kodin a 2018, kowa matasa ya kalla, ba wanda ya waiwayi ledar da ke gefen filon kakarsa. Kuma wa ya ce tari abokin gaba ne? Da shi tsoho ke fitar da majinar da ta taru a ƙirji. Mu faɗi gaskiya, sau da yawa ba don shi ya huta ake ba shi ƙwayar ba, don mutanen gida su samu barci ne.

Idan tsohonka yana tari kuma barcinsa ya yi yawa, tashe shi ka yi masa magana, ka ga ko ya gane ka. Ɗauki agogon wayarka, ka dubi ƙirjinsa, ka ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur. Babban mutum mai lafiya yakan yi 12 zuwa 20. In ya haura 24, ko ya gaza 10, ko yana ɗaukewa yana dawowa, ko leɓensa ya sauya launi, kada a jira gari ya waye. Kafin a samu mota a tallafe shi da filo ya jingina, kada a bar shi kwance shame-shame. In akwai kaskon gawayi a ɗakin a fitar da shi, shi ma wata gubar yake fitarwa mara wari. Ledar ƙwayoyin kuma a tafi da ita, a nuna wa likita, a faɗa masa guda nawa aka ba shi da kuma ƙarfe nawa, ko da zai yi muku faɗa.