Idan ɓarawo ya haura katanga da dare

A Gangara, kamar sauran garuruwan jihar Maraɗi da ke kusa da iyakar Najeriya, magidanci kan yi barci da kunne ɗaya saboda garke da rumbu. To idan ya ji motsi ya fito da sanda, ina doka ta tsaya?

Kundin hukunta laifuka na Nijar, wanda aka kafa a 1961, ya ce babu laifi a kan wanda ya kare kansa ko wani daga harin da ke aukuwa a lokacin. Ya ma ware dare musamman: wanda ya raunata ko ya kashe mai haura katanga ko fasa ƙofar gidan da ake zaune ciki, ana ɗaukarsa mai kare kai ne. Da rana kuwa sassaucin hukunci kawai zai samu.

Inda mutane ke faɗawa matsala shi ne bayan an kama ɓarawon. Wanda aka ɗaure ko ya juya da gudu ba ya barazana ga kowa, dukansa ramuwa ce, kuma kotu za ta tuhumi mai dukan. A kira mai gari, a miƙa shi ga jandarma, a bar sauran ga mai gabatar da ƙara.