Hoton Cikin Waya da Makomar 'Ya'yanmu

'Yan'uwana mata, a da in wani abu ya faru a ƙasa sai a jira labarun rediyo. Yau kuwa, a nan Ƙofar Sauri da wuya ki shiga gida ba ki tarar da saurayi ko budurwa suna kallon bidiyo, ko sauraron muryar da aka aiko ta WhatsApp ba. A nan 'ya'yanmu ke sanin halin da ƙasarsu take ciki, don haka bai kamata mu zuba ido ba.

Ku tuna daren 11 ga Disamba 2020, lokacin da 'yan bindiga suka kwashe ɗaliban Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara. Hotunan iyaye suna kuka suka bazu a Facebook da Twitter, matasa suka yi ta kiran gwamnati ta ceto yaran, har wasu suka yi jerin gwano a nan Katsina. Ran 17 ga watan aka sako yara 344. Ba waya ce ta sako su ba, amma ta hana a yi shiru, domin gani ya kori ji.

To, amma wuƙar da ke yanka albasa ita ke yanka yatsa. A 2014, lokacin cutar Ebola, saƙon ƙarya ya yawo cewa shan ruwan gishiri da wanka da shi rigakafi ne, aka kwantar da mutane a asibiti, wasu suka rasu. A 2018 aka baza cewa an musanya marigayi Shugaba Muhammadu Buhari da wani Jibrin daga Sudan, har sai da ya fito da kansa ya ƙaryata. Yanzu kuma kwamfuta tana iya kwaikwayon muryar mutum, ta sa masa maganar da bai faɗa ba.

Saboda haka uwargida, ki koya wa yaranki tambayoyi uku kafin su tura wani abu gaba. Wa ya ɗauka? Yaushe, kuma a ina? Shin wata kafar labarai da aka sani ta faɗa?

Ku kuma 'yan makaranta, ku sani kishin ƙasa bai ƙare a danna waya ba. In kin ɗauki hoton kwatar da ta toshe a layinku, ki sa a kai wa mai unguwa da kansila. Da kin cika shekara 18 ki yanki katin zaɓe. Tun 2018 doka ta ba mai shekara 25 damar tsayawa takarar Majalisar Dokokin Jiha ko Majalisar Wakilai, mace ko namiji.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya shirya mana zuriya, amin.