Ruwan Nashbil Da Ruwan Ankara

Da yawa daga cikinmu a zango mun tashi muna jin muryar Jim Reeves da Don Williams a rediyo da kaset, a shagon tela ko a motar Kumasi. Wannan kiɗa da ake kira kantiri na manoman kudancin Amurka ne, shi ya sa maganar ruwan sama ba ta ƙarewa a bakin mawaƙansa. Manomi ko'ina yake ya san ruwa rahama ne, ya kuma san abin da yake yi idan ya wuce kima.

Johnny Cash yana ɗan ƙaramin yaro a ƙauyen Dyess na jihar Arkansas lokacin da ambaliyar 1937 ta kori iyayensa daga gonarsu ta auduga. Bai manta ba. A 1959 ya fitar da waƙar "Five Feet High and Rising", inda yaro ke ta tambayar iyayensa inda ruwa ya kai, suna auna masa da ƙafa. Duk wanda ya taɓa kwana a tsaye a Alajo ko Nima, yana duban ruwa na hawa bangon ɗaki, ba ya bukatar tafinta kafin ya gane wannan tambaya.

A ranakun 1 da 2 ga Mayu 2010, abin da ake rerawa ya sauka a gidan kiɗan kansa, wato birnin Nashbil na jihar Tenesi. Cikin kwana biyu aka yi ruwa fiye da inci 13. Kogin Cumberland ya cika ya tumbatsa, ya kusa kai ƙafa 52. An rasa rayuka, dubban gidaje suka lalace. Ruwa ya shanye dandalin Grand Ole Opry, shirin da aka fara watsawa a rediyo tun 1925. Ya kuma shiga wani babban ɗakin ajiya inda mawaƙa irin su Vince Gill da Brad Paisley ke ajiye jita da sauran kayan sana'arsu.

Abin da ya ja hankalinmu shi ne abin da ya biyo baya. Ba a dakatar da shirin ba, sai aka riƙa yin sa a wasu zauruka na birnin har aka sake buɗe gidan a watan Satumba. Taylor Swift ta ba da dala 500,000. Garth Brooks ya yi wasa tara a watan Disamba don tara gudummawa. Maƙwabta kuma suka fito da shebur, gida bayan gida, ba su jira hukuma ba.

Mu ma muna da ranar da ba za mu manta ba. A daren 3 ga Yuni 2015 ruwa ya mamaye Ankara, kogin Odaw ya ɓalle, jama'a suka fake a wani gidan mai kusa da Kwame Nkrumah Circle. Mai ya malala a kan ruwa, wuta ta tashi, mutane fiye da 150 suka rasu. A arewa kuwa, idan aka buɗe madatsar Bagre ta Burkina Faso, gonakin da ke bakin Farin Volta su ke fara kwana a ciki.

Ruwa ba ya tsami banza. Yawansa daga sama yake, amma hanyarsa a hannunmu take. Kwatar da muka cika da leda da shara, da ɗakin da muka gina a kan magudana, su ne ke juyo da shi cikin gidajenmu. Saboda haka muna kira ga sarakunan zango da ƙungiyoyin matasa da iyaye mata, a sa ranar yashe kwata kafin ruwan Mayu da Yuni. A san gidajen tsofaffi da marasa lafiya, a san wanda zai ɗauko su. A ɗaga takardu da wayoyin lantarki sama. Kada kowa ya ratsa ruwa mai gudu, ko da bai wuce gwiwa ba.

Mutanen Nashbil sun gyara dandalinsu cikin wata biyar. Mu yashe kwatarmu tun kafin hadari ya haɗu. Allah ya ba mu damina mai albarka.